Baƙo Raɓa Ne

Ƙarfe shida na yamma na ɗora shi a sikeli:
kilo goma sha huɗu, har da kaska biyu a kunne.
Sunansa Ƙyale-su, in ji mai shi,
Jatau na Bomo, da ya goyo shi a babur.
Waya ta yanke shi a ƙafar baya, ciwon ya yi ruwa.

Dakta Gambo ta yi lissafi a bayan ambulan,
kilo kaza, ƙwaya kaza.
Ta ce, "Kar a ba shi tuwo tukuna,
cikakken ciki kan tsare magani a zaure."
Na sa safar hannu, na buɗe muƙamuƙi,
na tura ƙwayar can bayan harshe,
na shafa maƙogwaro har ya haɗiye.
Ya harare ni kamar na ci bashinsa.

Daga nan sai aikin agogo.

Minti goma sha biyar, jini kaɗan daga jijiya.
Ni ja kawai nake gani,
sai mako mai zuwa na'ura za ta faɗi abin da ke ciki.
Amma na san hanyar kamar ta Samaru zuwa Kwangila:
ƙwayar na tumbi tana narkewa kamar kanwa a ruwa,
ta gangara ƙaramin hanji
inda bango ke sha kamar ƙasar fadama.
Ba a shiga gari kai tsaye.
Hanta na zaune a ƙofa da littafin haraji,
ta yanki nata, ta sallami saura.

Awa biyu.
Nan layin kan takarda zai hau kamar Kufena.
Jini ya ɗauka, ya kai tsoka, ya kai fata,
ya kai bakin gyambon da ƙwayoyin cuta suka kafa kasuwa.

Sai aka ɗauke wuta.
Na jera kwalabe cikin ƙanƙara,
na riƙe fitilar waya da haƙori.
Ruwan Agusta na dukan kwano,
Ƙyale-su ya miƙo ƙafa da kansa, ya gaji da gardama.

Gangara ba ta gaggawa.
Rabi ya tafi, sannan rabin rabi,
kamar gero a gidan da kullum
ake auna rabin abin da ya rage a buhu.
Ƙoda biyu na tankaɗe jini dare duka,
abin da suka tace ya ɗigo a tire ƙarƙashin keji.
Kaɗan ya bi matsarmama, ya koma hanji,
gobe mai shara zai kwashe shi da shebur.

Ƙarfe uku na dare na tuna da mahaifina
a gadon asibiti a Shika.
Ƙodarsa ta gaji.
Magani ya shiga, ya rasa ƙofar fita,
ya yi ta zaga jini har ya zama wani ciwon.
Ban san wannan lissafin ba a lokacin,
leda kawai nake riƙewa a layi.

Shi ya sa nake murna da fitsarin kare.
Ku yi dariya.
Baƙo raɓa ne, in bai tafi ba ya zama annoba.

Asuba, jini na ƙarshe, awa goma sha biyu cif.
Na wanke hannu har gwiwa, na yi alwala.

Jatau ya iso da laka a wando.
Na ce, "Safe da yamma, kwana bakwai,
ko ka ga ya fara korar zomo, kar ka tsaya.
Waɗanda suka tsira sukan haddace fuskar magani."
Ya ce, "To na jiya fa, ina ya shiga?"
Na ɗaga masa kwalba, ruwan ɗorawa, da ɗuminta.
Ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Kuɗina ke nan?"
Ƙyale-su ya kaɗa wutsiya, ya dafa ƙafar a ƙasa.